Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kabarin da ke kan tudun Duntrun

A makon jiya na tsaya a inda na samu ɗakin haya a gidan wata tsohuwa a Kanbera, babban birnin Ostireliya, bayan na yi wata biyu ina raɓe a falon abokina. Mama nake ce mata. Ta haura tamanin, amma ita ke tuƙa motarta, kuma ba ta son a riƙe mata hannu.

Ranar 25 ga Afrilu, wato ranar Anzak da mutanen Ostireliya ke tunawa da sojojinsu, ta ƙwanƙwasa min ƙofa tun da duhu. Sanyin da ake yi a lokacin, hunturun Kano bai kama ƙafarsa ba. Ta maƙala min ɗan reshen rozmari a ƙirjin riga, ta ce a tuddan Galipoli da ke Turkiyya, inda sojojinsu suka gwabza a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yake fitowa da kansa. Taron asubar ba zan ja ku da shi ba: dubban mutane a tsaye, shiru kamar ruwa ya ci su, sai busar ƙaho ɗaya. Da aka watse sai ta ce akwai wanda za mu gaisar.

Muka hau tudun Mount Pleasant da ke bayan makarantar horar da hafsoshi ta Duntrun. Can gefe ga wani kabari shi kaɗai, shimfiɗaɗɗen dutse mai sulɓi, an kwantar da takobin tagulla a kansa. Mama ta cire rozmarinta ta ajiye kusa da ƙotar takobin, hannunta na rawa saboda sanyi.

Mai kabarin Manjo Janar William Bridges ne, wanda ya kafa makarantar a 1911, kuma shi ya jagoranci runduna ta ɗaya ta Ostireliya da ta sauka Galipoli a 1915. Ranar 15 ga Mayu yana zagayen duba sahun gaba, wani maharbin Turkiyya ya same shi a cinya, harsashin ya tsinke babbar jijiyar jini. Aka kai shi jirgin ruwan asibiti mai suna Gascon. Ƙafar ta fara ruɓewa, likitoci kuma suka ga jinin da ya zubar ya yi yawa, ba zai jure yanke ta ba. Kwana uku ya yi yana jinya, ya cika ranar 18 ga wata, jirgin na kan hanyar Masar, yana da shekara 54.

A nan na ji wani iri, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya harbe shi sojan Daular Usmaniyya ne, ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba, kuma ƙasarsa aka shigo wa da yaƙi. Na faɗa wa Mama haka. Ta ce ta sani, shi ma ɗan wata ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganarta ta gaba. Sojojin Ostireliya sama da 60,000 suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma gawar wannan janar kaɗai aka dawo da ita gida a lokacin. An fara binne shi a Iskandariyya, aka tono shi, aka yi masa jana'izar girma a Melbon, sannan aka kawo shi tudun nan a Satumbar 1915. Hatta dokinsa Sandy an dawo da shi a 1918, shi kaɗai cikin dawakai kusan 136,000 da aka fitar daga ƙasar. Wan mahaifin Mama kuwa, raunin da ya samu a Faransa ne ya yi ajalinsa, kuma uwarsa ta mutu ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba. Shi ya sa a gidansu aka mai da wannan kabarin nasu. Ni dai a zuciyata na ce doki ya fi talaka gata, amma ban furta ba.

Da yamma na kira gida, lokacin hantsi ne a Kano.

"Umma, ƙanen Kaka da ya tafi yaƙin Bama, an taɓa faɗa mana inda aka binne shi?"

"Kai ɗan nan, wa zai faɗa mana? Abokinsa da ya dawo ne ya ce an harbe shi a ciki, aka ɗauke shi a makara, daga nan bai ƙara ganinsa ba. Kakarka har ta koma ga Allah tana cewa ƙila yana can ya yi aure. Me ya tuno maka da shi?"

Na ce babu komai. Ta ce in sa shi a addu'a, ta kuma tambaya ko ina cin abinci.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na rasa aikin wanke-wanken da nake yi da dare.