Mako uku ina koya wa yara yadda ake wasa

Har yau idan ina duba wayata na ci karo da bidiyon farko, wanda ban taɓa tura wa kowa ba, sai raina ya sosu. Minti biyar ne da ɗoriya. Yara tara a kan benci cikin sabon yunifom, hannu a ƙirji, suna motsa baki. Ko ɗaya ba ya dariya. Alhali tun daga farko sunan da na raɗa wa abin shi ne makarantar wasa.

Malamar nazare ce ni a nan Sakkwato, shekara bakwai ke nan. Abin da ya tunzura ni kowace uwa ta san shi. Yaran ajinmu, 'yan shekara 3 zuwa 5, suna zuwa da waƙoƙin Turanci da suka kwasa a wayar iyayensu, suna rerawa tiryan-tiryan ba su san me suke faɗa ba. Yaro zai jero miki A har Z ba tuntuɓe, amma ki rubuta masa ɓ ko ɗ ko ƙ ya yi miki zuru kamar kin zana masa tsuntsu. Sai na ce me zai hana mu yi namu bidiyon? Yara suna wasan makaranta a tsakar gida, suna waƙa da Hausa, su koyi baƙaƙe da ƙirga ba tare da sun san karatu ake yi ba. Koyarwa da waƙa ba baƙon abu ba ne a garin nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajojinta, wato matan da ta horar su zama malamai.

Niyyar ba laifi. Inda na ɓata shi ne na zauna ni kaɗai na rubuta wasan.

Na tsara waƙa mai baiti shida. Na ɗauki adashina na kai wani situdiyo, aka samo mai zazzaƙar murya ta rera, aka ɗora kiɗan fiyano mai sauri. Na yanko yadi a kasuwa aka ɗinka yunifom tara, kafinta ya yi mini baƙin allo, na aro benci biyu. Daga nan na tara 'ya'yan 'yan uwa da na maƙwabta a gidanmu da ke Mabera, kullum bayan la'asar, har mako uku, ina koya musu. Kai nan za ka tsaya. Ke idan an zo baiti na biyu ki ɗaga hannu. Ku duka ku juya hagu. Wallahi har dariya sai da na sa wa lokaci, na ce idan na tafa sau ɗaya kowa ya yi dariya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba jahilci ya sa ni ba. Lokacin da nake karatun malanta na NCE mun karanta manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, inda aka faɗa ƙarara cewa wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Amma da aka ce kyamara za ta zo, sai tsoron kada yara su ba ni kunya ya rufe mini ido. Ina ganin alama tun mako na biyu. Yaran da da farko suke rige-rigen shigowa sai ga shi ana aika a kira su, wani ma sai an haɗa da alewa. Na ce gajiya ce.

Ga wani kuskuren kuma a kan na farko: na sa ranar ɗauka a watan Afrilu saboda hutu. Duk wanda ya san Sakkwato ya san zafin Afrilu, ma'aunin zafi yana haura digiri 40, iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Mai kyamara da muka yi da shi ƙarfe takwas bai iso ba sai goma ta gota, kuɗin yini ɗaya kuma na riga na biya. Babu wuta, janareton maƙwabta na ruri, lasifika na kwarara waƙar, yara na ƙoƙarin bin bakin babbar mace da ke gudu da kalmomi. Ɗan shekara huɗu ba ya iya bin irin wannan sauri, numfashinsa bai kai ba. Muka yi ta maimaitawa. A karo na goma sha huɗu ƙaramin cikinsu ya fashe da kuka, yunifom ya jiƙe sharkaf. Na daka tsawa. Na ɗauki karan da nake nuna allo da shi na buga a benci, yadda nake yi a aji. Tsit kake ji. Mai kyamara ya ce, “Malama, yanzu sun zauna daidai, bari mu ɗauka.” Wannan ɗaukar ita ce bidiyon da ke wayata.

Da aka kira azahar mai kyamara ya tafi masallaci, ni kuma na shige ɗaki jikina ya yi la'asar. Ina lissafin adashin da ya tafi, sai na ji Inna daga bakin ƙofa tana cewa a hankali, “Ke, zaka ki gani. Kak ki yi magana.”

Na leƙa ta taga. Suna gindin dogonyaro, sun tuɓe rigunan yunifom sun watsar da takalma. 'Yar ƙanwata, mai shekara biyar, ta zura hijabina yana jan ƙasa. Ta jera sauran a kan tabarma, ta haɗa da 'yar tsana biyu da butar alwala a sahun gaba, su ma ɗalibai ne. Ta samo gawayi tana zana wasu ƙugiyoyi a bango. Sai ta ɗaga murya, “Wa yaz zaka makaranta?” Suka amsa da tafi, “Ni niz zaka!” Ta sake, suka sake, tana kiran sunan kowa, har butar sai da aka amsa mata. Wani ya kwaso marafan kwalba suka shiga ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, wanda ya yi tsallake a yi masa ihu a koma farko. Yaron da ya yi kuka ɗazu yana birgima don dariya. Abin da na kashe mako uku da kuɗina ina nema, ga shi nan ana yi ba ni a wurin.

Na ɗaga waya na fara ɗauka ta tagar. Ina cikin murna sai ta sunkuya ta ɗauki karana. Ta haɗe gira. Ta buga shi a ƙasa ta ce, “Ido gare ni, baki ruhe!” Maganata ce, da irin jan muryata, har yadda nake karkata kai. Ta tambayi butar harafi, buta ba ta amsa ba, ta tsula mata kara uku. Ta juya kan ƙaramin ta ce, “Kai mi kac ce? Tahi ka duƙa, hannu sama.” Ya je ya duƙa yana ƙyalƙyala dariya. Ni kam hawaye ne suka zubo mini. Ban taɓa ɗaukar kaina malama mai zafi ba, iyaye ma yabona suke yi. Amma da aka bar yarinya ta nuna mece ce makaranta, abin da ta nuna ke nan, kuma ba a wurin kowa ta gani ba sai wurina.

Inna ta dube ni ta ce, “Wa yak koya maki wasa sadda kina ƙarama? Ɗiyan ga da shi anka haihe su. Bar su su yi abinsu.” Ba ta ce komai a kan karan ba. Ba sai ta ce ba.

Da mai kyamara ya dawo na sallame shi. Kuɗin situdiyo, na ɗinki, na yinin ɗauka, duk sun tafi. Da a ce tun ranar farko na shimfiɗa tabarma na zauna gefe na yi kallon minti ashirin, da ko kwabo bai fita ba. Wannan ita ce shawarar da nake ba duk wadda ta tambaye ni yanzu, kuma nakan ga kamar sun raina ta don ba ta da tsada. Kada ki rubuta waƙa tukuna. Ki ba su gawayi da kwali da marafan kwalba da ƙwallon dabino, ki ce a yi makaranta, ki kama bakinki. Waƙar za ta fito daga bakinsu, kuma za ta zo daidai numfashinsu, gajera mai amshi irin ta gaɗa. Aikinki ki tsince ta ki ɗan gyara mata zama.

Sai Disamba na sake gwadawa, da sanyi ya shigo. Babu kuɗin mai kyamara, sai wayoyi biyu, tawa da ta ƙanena. Safiya uku muka yi, daga takwas zuwa kafin rana ta ɗaga, kowace rana bai fi minti ashirin ba, da na ga sun fara waige-waige sai mu tashi. Ƙanena ya durƙusa ya riƙe waya daidai tsayin idonsu, abin da ya canja hoton gaba ɗaya, domin daga sama ƙoƙon kai kawai kike gani. Iskar hunturu ta so ta ɓata mana sauti, shi ya sa muka ɗauki muryoyin daban a ɗakin Inna, muka kashe fanka, muka saki labule, muka jingina katifa a bango. Kiransu na bar shi yadda yake, na ƙara layi uku kawai: ɓ ta ɓauna, ɗ ta ɗaki, ƙ ta ƙasa. Sai ƙirga zuwa biyar da marafan kwalba. Kiɗa kuwa tafi ne da ƙwarya da Inna ta kifa a ruwa. Hakan ya kashe wata matsalar da ban hango ba, domin ashe akwai iyaye biyu da ba su so kiɗan fiyanon nan ba, kunya ce ta hana su faɗa mini a Afrilu.

Wata ƙawata da ta ga somin-taɓi ta ce in gyara “yaz zaka” ya koma “ya zo” don mutanen Kano da Kaduna. Na ƙi. A waƙar situdiyo daidaitacciyar Hausa na yi amfani da ita, kuma tana cikin abin da ya ɗaure wa yaran harshe, suna faɗar abin da ba haka suke faɗarsa a gida ba. Bakanon yaro ba zai kasa gane “ni niz zaka” ba idan ya ga ana ɗaga hannu ana tsalle.

Maganar izinin iyaye kada a yi mata riƙon sakainar kashi. Ni ta bakin uwaye na bi, sai da aka gama wani uba ya ce bai yarda fuskar 'yarsa ta shiga intanet ba. Gaskiyarsa ce. Muka yanke duk inda ta fito, wurare masu kyau ƙwarai suka tafi. A tambayi uba da uwa duka, a nuna musu kafin a saki. Idan kuma YouTube za a sa, sai an nuna cewa na yara ne, tun Janairun 2020 haka dokarsu take, kuma da an nuna hakan ana rufe wurin sharhi. Ni ban damu ba, don ta WhatsApp namu ya fi yawo, daga wannan zauren iyaye zuwa wancan. Tsawonsa minti biyu da daƙiƙa arba'in, da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallonsu ya wuce awa ɗaya a yini, ni kuma burina yaro ya kalla ya ajiye wayar ya fita neman marfin kwalba. Wata uwa daga Arkilla ta turo mini murya tana cewa 'ya'yanta sun cika mata bango da gawayi, suna kiran sunan tukwanenta ɗaya bayan ɗaya. Na saurara ya fi sau goma.

Karan kuwa, tun da aka dawo daga hutu a wancan zangon ban sake shiga aji da shi ba. Bai zo mini da sauƙi ba, yara talatin a ɗaki ɗaya ba wasa ba ne, kuma sau da yawa tsawar tana zuwa har bakina. Yanzu idan surutu ya yi yawa sai in tafa in ce “Wa yaz zaka makaranta?” su amsa, mu ci gaba. Na yi zaton wata takwas sun isa su goge abin. A safiyar farko ta Disamba na ce kowa zai yi malanta bi da bi, ban ajiye kara a wurin ba. Da layi ya zo kan 'yar ƙanwata sai ta zagaya bayan ɗaki ta karyo wani. Da shi ta nuna ɓ da ɗ a bango, ba ta doki kowa ba, amma da wani ya yi magana ta haɗe girar nan ta ce “baki ruhe”. Na yanke wurin daga bidiyon. Ban goge shi ba, yana wayata kusa da na Afrilu. Yunifom taran kuma suna cikin akwati a ƙarƙashin gadon Inna, sau ɗaya aka sa su, yanzu duk sun yi wa yaran kaɗan.