Godiya bayan an sa wa Baba robar abinci

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, Baba ya dawo gida Agege. Robar da aka sa masa a ciki tana aiki, kunu da madara suna wucewa lafiya, wurin da aka huda ya bushe, babu ruwa babu wari. Duk wanda yake tare da mu tun ranar da ya faɗi a rumfar goro ya san abin da muka sha, ba sai na maimaita ba. Har yanzu barci bai sake ni ba, amma zuciyata ba za ta natsu ba sai na yi wannan godiya.

Ana gobe za a yi aikin sa robar aka ce an ɗage. Ashe audugar nan da suka goga masa a maƙogwaro da hanci suka kai ɗakin gwaji ta nuna yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai taurin kai da ake kira MRSA, wadda magunguna irin su amoxicillin ba sa yi mata komai. Ƙafafuna suka mutu. Mutumin da ya kasa haɗiye ko yawu, ya rame, ga robar hanci tana ta wahalar da shi, yanzu kuma ga sabuwar cuta? Na fita baranda ina kuka don kada Inna ta gani.

Nan likitar ta same ni. Bayarbiya ce, ta iya Hausa kaɗan tun lokacin bautar ƙasa a Arewa. Ta zauna kusa da ni a benci, ta juya bayan takarda ta zana mini yadda aikin yake. Ni dai na ɗauka ta fatar ciki ake cusa robar. Ta ce ta baki ake zura ta, ta bi maƙogwaro ta sauka tumbi, sannan a jawo ta waje ta ƙaramar kafar da aka huda. Duk abin da ke zaune a maƙogwaro yana iya manne mata ya sauka cikin ɗanyen ciwo, shi ya sa kumburi da mugunya a bakin kafar suka fi kowace matsala yawa bayan irin wannan aiki. Ta ce mutum kan ɗauki ƙwayar ba tare da ta sa shi ciwo ba, musamman wanda ya daɗe kwance a asibiti. Za a yi kwana 5 ana shafa masa man mupirocin a hanci, ana wanke masa jiki da baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai suna chlorhexidine, a sake gwaji, kuma dab da aikin a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Da za ta tashi ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri, ni ma Babana ne."

Baba ba ya iya kurkure baki, zai shaƙe. Wata nas ta dare ita ke tsoma auduga tana goge masa harshe da dasashi a hankali, tana cewa sannu Baba. Allah ya saka musu da alheri su biyun, ya shiryar musu da zuri'a, ya tsare su daga ganin irin wannan rana a kan iyayensu.

Kawu ƙanin Inna, na san ba ka so a ambace ka, amma kai ka kwana a kan tabarma a bakin ɗaki, kai ka sha cunkoson Legas kana neman magani kemis-kemis. Abokan Baba na kasuwar goro, 'yan uwanmu na Mile 12 da suka yi karo-karo, da jama'ar masallacin unguwa, Allah ya buɗa muku, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya haɗa mu a Aljanna. Waɗanda kuma iyakarsu saƙon murya daga nesa suna tambayar me ya sa ake ta jan aiki, ko a dawo da shi gida kawai, mun ji, Allah ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, don Allah a zo bayan la'asar, a wanke hannu kafin a taɓa shi. Kada a ba shi komai ta baki, ko zamzam ne ko rubutu. A ba Inna, ita za ta sa masa ta robar.