Godiyata Bayan Wasan Badujala na Gidauniyar Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sai yau na iya tashi zaune na riƙe waya. Tun daren Asabar da muka gama kwashe kujeru nake kwance, murya ta dushe, ƙafafu sun kumbura. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba, ya yi haƙuri ya yafe mini. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ku da kuke cikin Maiduguri kun san nauyin wannan magana ta "an tashi lafiya" a bakin wanda ya tara mutane ɗaruruwa a fili guda.

Ba sai na maimaita muku abin da kuka sani ba. Kun ga yadda ambaliyar madatsar ruwan Alau ta bar mana ajujuwan nan uku tun ranar 10 ga Satumba, 2024, kun ga allunan yara cikin taɓo, kuna tare da mu muna sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi, kuna tare da mu da muka dawo Gwange muka tarar da katanga a ƙasa. Ɗage taron da aka yi har sau biyu ma kun ji shi. Wannan duk ya wuce. Abin da ya hana ni barci kwana uku bai fi na minti biyar ba, kuma waɗanda ke zaune ta baya ba su ma gan shi ba.

'Yan badujalar soja sun iso bayan la'asar, kaki ya sha guga, farar safa a hannu, kakaki da begila sai ƙyalli suke. Mun jera marayunmu a bencin gaba don su fi kowa gani. Laifina ne, ni da na tsara zaman, ban tambayi da me za su buɗe ba. Ashe da babbar ganga ne. Bugu ɗaya, dum! Filin kuwa katanga ce ta kewaye shi, sai ƙarar ta dawo mana ta ƙirji. Kafin ƙiftawar ido mata sun miƙe, wata ta bar takalminta, wata na salati da ƙarfi, ni kaina sai ganin faifan kuɗi na yi a ƙasa, ban san lokacin da na sake shi ba. Tun 2009 kunnenmu ke jin irin wannan sauti, kuma bai taɓa zuwa mana da alheri ba. Ƙafa kan riga hankali yanke hukunci.

Nan da nan dai aka gane, aka koma aka zauna ana 'yar dariyar kunya. Mutum ɗaya ne bai dawo ba: jikan Iya mai ƙosai, ɗan shekara bakwai, wanda mahaifinsa ya tafi gona wata safiya bai sake komowa ba. Ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, jikinsa na ɓari kamar mazari. Na durƙusa na kira sunansa, bai ji ni ba. Kakarsa ta ja ƙafarsa, ya ƙara ƙanƙamewa. Na ga wandonsa ya jiƙe, na sa mayafina na kare shi don kada sauran yara su gani. A raina na ce shi ke nan, mun tara yaran nan don mu faranta musu, ga abin da muka jawo.

Sai na ji kiɗa ya tsaya. Mai gangar, wani dogon kofur, ya kwance ɗamarar gangar daga kafaɗa, ya mirgino ta har gaban benci, ya zauna dirshan a cikin ƙura da kakin nan nasa mai guga. Bai taɓa yaron ba. Ya dai sunkuyar da kai daidai inda yake, ya ce masa da wata Hausa irin ta mutanen Jos, "Ƙanena, leƙo ka gani. Ba komai a cikinta sai iska." Ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta da farce. Shiru. Ya sake. Can sai ido ɗaya ya leƙo. Ya tura masa sandar gangar, mai dunƙulen kai ɗin nan, ta ƙarƙashin benci, ya ce, "Kai ne oga yau. In ba ka buga ba, duk waɗannan ƙattin ba wanda zai busa."

Wallahi ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Mutum sama da ɗari uku, ba ka jin komai sai janareta. Yaron ya miƙo hannu, ya taɓa gangar da sandar a hankali, kamar mai taɓa wuta. Saje mai begila, Allah ya yi masa albarka, ya gane nufin ɗan'uwansa, sai ya ɗaga hannu, duka masu busa suka amsa da sauti guda, gajere. Yaron ya zabura. Ya sake bugawa, suka sake amsawa. A karo na huɗu ya fito da kansa ya tsaya a kan ƙafafunsa, mayafina ɗaure a ƙugunsa, yana bugu suna binsa, duk da bugun nasa ba kan gado, wani da sauri wani da jinkiri. Haka suka yi ta binsa har suka gina masa waƙar fareti a kai.

Ni ba zan ce muku na ga liƙin da aka yi a lokacin ba, idona ya rufe. An dai ce mini faifai biyu sun cika, har Bulama ya cire hularsa aka ci gaba da zubawa a ciki.

Sauran wasan kun gani, wasu ma sun ɗauka a waya. Kurtun nan da ya kasa bambanta hagu da dama, aka ɗaura masa ciyawa a ƙafa ɗaya. Da sojan da ya ɗaura zani ya fito a mai abincin kasuwar mami yana bin bashi, yana karanto sunayen masu cin tuwo sai ƙarshen wata. Malam Liman, wanda da farko ya nuna bai so a haɗa kiɗa da maganar makaranta ba, sai da na hango shi yana rufe baki da gefen rawani. Malam, na gani, kuma ba zan faɗa wa kowa ba.

Gaskiya guda zan faɗa. Mu da muka ga 2013 da 2014 a garin nan, in motar soja ta shigo layi gabanmu faɗuwa yake, don mun san ba lafiya ba, wani abu ya faru ko yana shirin faruwa. Sai ga shi ranar ruwa, motocin nan dai su ne suka riƙa kutsawa suna kwaso mutane daga kan rufin gidaje, a bayan ɗayarsu aka fito da mahaifiyata. Ranar Asabar kuma ga su da kakaki. Na tuna kakana na wajen uwa, ɗan Boma ne, wato tsohon sojan da ya je yaƙin ƙasar Burma, yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi a yankin Arakan na can a 1945. Duk 15 ga Janairu, ranar 'yan mazan jiya, sai ya fito da lambobinsa daga ƙasan adaka ya goge su da toka. Yakan ce a zamanin yaƙin Hitila gari ne ke tara wa soja, kwabo-kwabo, saboda yaƙin da ake yi a ƙasar da ba wanda ya taɓa gani. Da yana raye ya ga soja na tara wa gari, ban san me zai ce ba. Domin bayan sun gama wasan, sai da suka zagaya da hular kwano a tsakaninsu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa, suka kawo mini a rufe. Mutanen da ke kwana a rami saboda mu.

Manjon da ya jagorance su ya roƙe ni kada in ambaci kowa. Ranka ya daɗe, na ji, amma ka yi mini afuwa, zan ɗan karya doka. Kofur Dogo, da wannan sunan na ji 'yan'uwanka na kiranka, ban san na yanka ba. Na ga ɗan gicciye a wuyanka, na kuma ga yadda ka tsaya a bakin ƙofa kana gadin takalman mutane muna sallar magariba. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare gabanka da bayanka, ya mayar da kai gaban mahaifiyarka da ƙafafunka. Saje mai begila, Allah ya ƙara girma. Bulama, Allah ya ja zamaninka, kai ka yi ta sintiri da takarda har aka ba da izini, ranar da na ce na haƙura kai ka ce in je in kwanta gobe ma rana ce. Iya mai ƙosai, wadda ta soya na sadaka tun hantsi ta ƙi karɓar ko kuɗin mai. Samarinmu 'yan kato da gora da suka tsaya binciken masu shiga, da 'yan matan da suka duba mata ba tare da sun wulaƙanta kowa ba. Masu Keke Napep na bakin gada da suka yi ta jigilar kujeru kyauta. Mai janareta da ya ce a biya shi in an yi rufi. Ƙanwata Auta, wadda ta sha faɗana na wata biyu ba ta taɓa mayar mini ba. Ki yafe mini, gajiya ce.

Kujeru shida muka keɓe a layin gaba da takarda manne, na danginmu na Abuja da Kano da suka ce in Allah ya yarda da su za a yi. Har aka tashi ƙura ce a kansu, daga baya na ce tsofaffi su zauna. Na san hanya ba daɗi, na san kowa da uzurinsa. Kawu, lambar asusun da ka sa na turo maka sau uku tana nan ba ta canza ba. Ba komai. Hotunan addu'a da aka yi ta turowa mun gani, mun ce amin.

Ya Allah, duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, da naira hamsin ne ko da buhun siminti, da ɗaukar benci ne ko da fatan alheri daga nesa, ka sa ya tarar a mizani. Ya Allah ka rufa masa asiri duniya da lahira, ka shirya masa zuri'a, kada ka nuna masa ranar da zai tsaya da faifai yana jiran a zuba. Ya Allah waɗanda ruwa ya tafi da su, da waɗanda suka tafi gona ba su dawo ba, da waɗanda suka faɗi a daji da kaki a jikinsu, ka ji ƙan namu, ka ba iyalan kowa haƙuri. Ka raya mana marayun nan, ka cire musu tsoro daga ƙirji. Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina, ka zaunar da Borno lafiya, da Yobe, da Adamawa, da ƙasa baki ɗaya. Ka sa jikokinmu su ji ƙarar ganga su ruga wajenta. Amin, amin, ya Hayyu ya Ƙayyum.

Lissafi dalla-dalla za a karanta shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kuma manna kwafi a ƙofar makaranta, kowa ya zo ya duba. Abin da aka samu zai rufe aji biyu, na ukun sai mun sake shiri. Kafinta zai fara ɗora katako ranar Alhamis, masu ƙarfi a taimaka da hannu. Akwai takalmin mace ƙafa ɗaya, da mayafi ruwan toka, da ƙaramar waya mai tocila a wurina, mai su ya aiko.

Sai maganar sandar ganga. Da za su hau mota yaron ya ƙi sakinta, Kofur ya ce a bar masa, zai san abin da zai faɗa wa Saje. Jiya na aika Auta bariki da ita da ɗan ƙosai, don kada a yanke masa a albashi, aka ce mata an fita da su tun asubahin Litinin, ba a faɗi inda ba. Ta dawo da ita. Duk wanda ke da hanyar isar masa da saƙo, don Allah ya gaya masa sandar tana hannun Iya, ba ta ɓata ba, yaron da ita yake kwana.