Abin da na koya game da baƙuwar ciyawa da halittun cikin ƙasa

A farkon karatun ilimin ciyayi, abin da ake nuna wa ɗalibi shi ne cewa ciyawa tana ƙwace wa shuka ruwa da taki da hasken rana. Da karatu ya yi nisa sai na fahimci cewa babban aikin yana gudana ne a 'yar ƙasar da ke manne da saiwa, inda ƙananan halittu irin su bakteriya da naman gwari (dangin funfuna) suke rayuwa a kan ruwan da saiwar ke tsatsowa.

Ciyawar da ta bar ƙasarta ta asali sau da yawa tana baro cututtukan da suke taka mata birki a can, shi ya sa take yin ƙarfi a baƙon wuri. Wata ma ba ta tsaya nan ba. Chromolaena odorata, wadda asalinta nahiyar Amurka ne kuma ta mamaye sassan Afirka da Asiya, an nuna a wani bincike na 2008 a Indiya cewa tana tara naman gwarin Fusarium a kewayen saiwarta, ya riƙa kassara tsirran da ta tarar, ita kuwa ko a jikinta.

Amma wuta-wuta ce ta fi tsaya mini a rai. Idan sinadarin fosfaros, ɗaya daga cikin abincin shuka, ya yi ƙaranci a ƙasa, saiwar dawa ko masara takan fitar da sinadarin strigolactone domin ta kira naman gwari mai amfani, wanda ke shiga saiwa yana kawo mata abinci daga inda ba ta kaiwa. An tabbatar da wannan a 2005. Irin wuta-wuta, wanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, wannan kiran yake jira kafin ya tsiro. Wanda ya tuge dawar da ta tsumbure ya wanke saiwarta zai ga fararen tsirrai maƙale da ita suna tsotso, alhali ko fure ɗaya bai leƙo sama ba. Kenan yunwar ƙasa ce ke tona asirin shuka, kuma manomin da ya fi rashin taki shi ya fi shan wahala, abin da har yanzu yake damuna.

Saboda haka idan aka kawo mini ƙorafin ciyawa, ba na gaggawar maganar feshi. Nakan fara tambayar abin da aka shuka a gonar a shekarun baya da irin takin da ta samu, sannan in nemi a tono mini saiwa in gani.