Abin da kyamara ta nuna mini a Lekki

Ranar Asabar ni da abokina ɗan Agege muka je filin tseren ƙananan motoci a Lekki da ke Legas. Na maƙala ƙaramar kyamarar GoPro a hular kwano, na kunna manhajar auna lokaci a waya. Zagayen farko daƙiƙa 41. Na ƙara wuta, sai ya koma 43. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Da dare na zauna na kalli bidiyon har sau uku. Ashe a kwana ta uku nake makara wajen taka birki, motar ta zame, tayoyi su yi ta ƙara, ni kuwa ina jin kamar gudu nake. Abokina tun kafin kwanar yake rage gudu, ya matsa gefen ciki, sannan ya fita da wuta. Kyamarar ta nuna har inda nake kallo: kan tayoyin da aka jera a gefe, ba kan mafita ba.

GPS ɗin waya, wanda manhajar ke auna lokaci da shi, sau ɗaya yake karanta wuri a daƙiƙa, don haka zan nemi na'ura mai karantawa sau 10. Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kwana ta ukun nan zan koma wa.