Abin da ya sa na bar aikin jinyar gida

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tunda abokan aiki sun dame ni da tambaya, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Duk wadda ta taɓa shiga gidajen Unguwar Rimi ko Malali a Kaduna da jakar safar hannu da na'urar awon jini ta san tsarin: iyali su biya kamfani, kamfani ya turo mutum biyu, ta rana da ta dare. A takarda ke nan.

Wata dattijuwa nake kula da ita, mai shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga. 'Ya'yanta na Abuja, ɗaya na Ingila, kuɗi kuwa ba sa fashin biya. Sai shugabarmu ta samu sabon gida a Barnawa. Maimakon ta ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ta janye ta daren ta kai can, ta ce 'yar aikin gidan, yarinya ƙarama da ta wuni tana shara da wanke-wanke, za ta riƙa leƙa Hajiya. Iyalin ba su da labari.

Wanda ba ya iya juya kansa, ƙa'ida ce a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Nauyin jiki yana danne nama a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa tun ido bai gani ba. Ƙasan baya, ƙugu da dunduniya su ne kan gaba, mai suga kuma rauninsa ba ya saurin warkewa. Hajiya kuwa daga isha'i har in iso da safe tana rigingine, famfas a jiƙe.

Ina yi mata wanka na ga ƙasan bayanta ya yi duhu, faɗin tafin hannun yaro. A irin fatarmu ba lallai ya yi ja kamar na hotunan littafi ba, duhu yake ƙarawa. Na taɓa, ga ɗumi, ga tauri. Da karkataccen bakinta ta ce, "'Yar nan, nan ke ci na da dare." Na ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba ki lafiya," na kwantar da ita ta gefe, na tokare da filo, na sa wani a ƙarƙashin ƙwabrinta don dunduniya ta bar katifa. Na rubuta komai a littafin rahoto, da rana da lokaci, sannan na kira shugaba.

"Anti, don Allah a dawo da ta dare, gyambon kwanciya ne ke tasowa." Ta ce in shafa man zaitun in murza wurin sosai. Murza irin wannan wuri ƙara lalata naman yake yi, ita ma ta sani. Ta ƙara da cewa in cike layukan dare in sa hannu, kada littafin ya zauna da giɓi. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ba a yi ba. Ta kashe waya.

Da fatar ta buɗe har aka kwasa zuwa asibiti, babban ɗan ya taho daga Abuja ransa a ɓace. Shugaba ta iso da littafin a hannu. Shafin da na yi rubutu babu shi, layukan dare kuma a cike tsaf da sa hannun wadda tana Barnawa. A gaban kowa ta dube ni ta ce sakacin ta rana ne, za ta yanke rabin albashina. Wallahi ban taɓa jin ƙuna irin ta ranar ba. Abin da ba ta sani ba, tun ranar da ta kashe min waya nake ɗaukar hoton kowane shafi kafin in tashi. Na tura wa babbar 'yar Hajiya, suka soke yarjejeniya da kamfanin. Hajiya ta yi watanni ana wanke mata gyambon da filo da juyi kawai za su hana.

Sauran darussan kowa ya san su, yi ne ke wuya. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa, safar hannu ba ta ɗauke wannan. Kada a ba mai shanyewar jiki ko kunu yana kwance, yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu. Insulin, wato allurar masu ciwon suga, da ba a buɗe ba a firji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a wajen ƙanƙara ba. Awon suga in ya yi ƙasa da 70 mg/dL, ko gumi da rawar jiki suka zo, ba a jiran izinin ofis kafin a kai wa majinyaci ɗauki.

Ku kuma masu biya, in an ce muku nas aka turo, ku nemi ganin lasisinta na hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, domin farar riga ana ɗinka ta a Kasuwar Barci. Ku riƙa zuwa da dare ba sanarwa, ku sa mace ta ɗaga zani ta duba bayan mahaifiyarku da idonta. Kamfanin nan har yau yana karɓar sababbin gidaje, rabin albashina kuma yana hannunta, ban yafe ba.