Cikin Goggo da aikin da ba a yin rabinsa

Bara waccan cikin goggona ya fara kumbura a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Wasu suka ce hanta ce, wasu suka ce sammu ne. A wani asibiti aka soka allura don a zuƙe ruwan, sai wani yauƙi mai kauri kamar miyar kuɓewa ya toshe allurar. Da muka je Kano aka yi hoton ciki, likita ya ce cutar sunanta pseudomyxoma peritonei, ciwon daji ne da yawanci yake farawa daga afendis, ya fashe, ya yi ta zuba yauƙi a kan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Cikin mutum miliyan, ɗaya ko biyu take kamawa a shekara, shi ya sa ba kowane likita ne ya taɓa ganinta ba.

A da, buɗe ciki ake yi a kwashe abin da ya samu a ɗinke, bayan wani lokaci ya dawo. Wani likitan Amurka, Paul Sugarbaker, shi ya yaɗa hanyar da ta sauya lamarin: a ɓare tantanin da ya kamu, a cire saifa ko maɗaciya ko mahaifa idan cutar ta taɓa su, har sai babu ƙullutun da ya wuce milimita 2.5, sannan a wanke cikin da maganin daji mai zafin digiri 41 zuwa 43. Aikin yakan kai awa goma. Wani bincike na 2012 a kan marasa lafiya 2,298 ya nuna kashi 63 cikin ɗari suna raye bayan shekara 10, kuma waɗanda aka kwashe musu cutar tsaf su suka fi daɗewa. Aikin rabi da rabi tabo yake bari, tabon kuma ya wahalar da wanda zai sake shiga.

Abin da yake ci mini rai shi ne, an taɓa yi wa Goggo aikin afendis, amma ba a kai naman da aka cire ɗakin gwaji ba, mu ma ba mu san ana tambaya ba.

Yanzu tana Kano tana jiran likitan tiyata. An ce sai jikinta ya yi ƙwari kafin a taɓa ta, don haka kullum ƙwai da wake da madara muke ɗura mata, tana ci tana mita.